Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnan Kano Kan Kuɗin Mota Da Tallafin Ɗaliban Jami'o'i Masu Zaman Kansu

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Kano, Alhaji Abba Kabir Yusuf, tare da kwamishinan da ke kula da ilimi mai zurfi, da Kwamishinan Sufuri, da shugabannin Hukumar Ba da Tallafin Karatu ta Jiha.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, Allah ya taya riƙo.

Ranka ya daɗe, masu wannan takarda malamai ne da ma'aikatan ofisoshin rajista da kuɗi da harkokin ɗalibai a manyan makarantun birnin Kano. Buƙatarmu ita ce duk wani sauƙi da gwamnati za ta yi wa ɗalibi, na kuɗin mota ne ko na karatu, a auna shi da halin da gidansu yake ciki, a daina auna shi da wanda ya mallaki makarantar da yake zuwa. A yau ɗan Kano da ke jami'a mai zaman kanta ba ya cikin lissafin kowa, alhali wani sashe mai yawa na waɗannan yara da ƙyar iyayensu suke kai su ƙarshen zango.

Mun san abin da za a fara cewa: wanda ya iya biyan jami'ar kuɗi ai ba ya rasa na adaidaita sahu. Akwai gaskiya a ciki, amma rabinta ce. Lallai akwai 'ya'yan masu hali da direba yake saukewa a bakin ƙofa, kuma ba saboda su muka yi wannan rubutu ba. A aji ɗaya da su akwai maraya da wani attajiri ya ɗauke masa kuɗin makaranta bai ɗauki ci da sha da zirga-zirga ba. Akwai yarinyar da mahaifinta ya sayar da fili ya biya mata shekarar farko. Akwai wanda 'yan'uwa suke yi wa karo-karo, da wanda yake tsaron shago a Kantin Kwari ko Singa da yamma don ya haɗa na rajista. Abubuwa biyu ne suka fi kai irin waɗannan can. Na farko ƙarancin gurbi: a fannonin likitanci da aikin jinya da lauya, hukumomin da ke kula da sana'o'in ne suke yanka wa kowace jami'a adadin da za ta ɗauka, don haka yaro yakan ci maki mai kyau a JAMB, ya jira shekara biyu ko uku, sunansa bai fito ba. Na biyu yajin aiki. Na 2020 ya cinye kusan wata tara, na 2022 kuma daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Uban da yake da 'ya mace, wadda ake jiran ta kammala a yi mata aure, ya ga ba zai iya jure wannan rashin tabbas ba, sai ya ɗaure wa kansa nauyin da ya fi ƙarfinsa.

Daga 2018, lokacin da Jami'ar Skyline ta sami lasisi, zuwa yau, jami'o'i masu zaman kansu sun yi yawa a jihar nan: Maryam Abacha a Hotoro, Khalifa Isyaku Rabi'u a Gadon Ƙaya, Capital City, Baba-Ahmed, Azman, ga Al-Istiqama a Sumaila. Duk da lasisin Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa suke aiki, ta JAMB ɗalibansu suke shiga, kuma bautar ƙasa ɗaya suke yi da kowa. To amma lamunin karatu na gwamnatin tarayya, wato NELFUND, da aka buɗe shafin nemansa a watan Mayun 2024, na ɗaliban makarantun gwamnati ne kaɗai, har da naira 20,000 ɗin da ake bayarwa duk wata na ɗawainiya. Kuɗin TETFund, asusun tarayya mai tallafa wa manyan makarantu, su ma haka. Rage rabin kuɗin makaranta da gwamnatinka ta yi a manyan makarantun jiha a 2023, da biyan kuɗin rajistar 'yan Kano 7,000 da ke Jami'ar Bayero, ayyuka ne da muka yaba kuma muke roƙon su ɗore. Sai dai ko ɗaya bai taɓa wannan rukuni ba.

Bari mu fara da kuɗin mota, don shi ne ciwon kullum, kuma shi ne ya fi sauƙin magani.

Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a cikin birni a farkon 2013, adaidaita sahu ce ƙafar talaka. Tun da aka cire tallafin mai a 29 ga Mayun 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta ninka sau da dama, kuɗin hawa kuma ya bi ta. Matsalar ɗalibi ta fi ta sauran fasinja, saboda hanyoyin adaidaita duk sun nufi kasuwa ne, ba makaranta ba. Wanda ya fito daga Kurna ko Rijiyar Lemo zai tafi Hotoro sai ya sauka a wajen Bata ko 'Yan Kura ya sake hawa. Na Panshekara ko Ɗorayi da zai je titin Zariya shi ma hawa biyu ne, wani lokaci uku. Mu ƙaddara, don a sami abin lissafi, kowane hawa naira 300 ne, biyu zuwa biyu dawowa. Naira 1,200 ke nan a rana, 26,400 a watan da ke da ranakun aiki 22. Wannan ya haura kashi ɗaya cikin uku na mafi ƙarancin albashin jihar nan, naira 71,000. A zangon karatu mai mako 17, da jarrabawa a ciki, ya kama naira 102,000. Ba a sa shatar da ake yi ranar da aka makara zuwa jarrabawa ba, ba a sa ƙarin da ake yi in hadari ya haɗo ba.

Abin da wannan yake haifarwa a bayyane yake a rajistar halartar aji. Ɗalibi yakan zaɓi kwana uku cikin biyar, ya bar ranar da lacca ɗaya ce. Jami'o'i kuma suna da ƙa'idar halartar kashi 75 cikin ɗari kafin a zauna jarrabawa. Idan ya gaza, sai ya maimaita kwas ɗin, maimaitawar kuwa a jami'ar kuɗi takan zama ƙarin zango da ƙarin biya. Rashin naira 1,200 na yau shi ne yake komawa asarar dubban ɗaruruwa a baɗi.

Shawararmu ita ce a yi katin sufuri guda ɗaya na ɗaliban manyan makarantu da ke ƙananan hukumomi takwas na birni, na gwamnati da masu zaman kansu, wanda zai ɗauke wa mai shi rabin kuɗin hawa. A lissafin da ya gabata, ɗalibi ɗaya zai ci wa gwamnati naira 51,000 a zango, ɗalibai dubu kuma naira miliyan 51. Adadi ne da za a iya sa wa iyaka tun a kasafi, a ce bana mutum kaza za a ɗauka, a tsaya a nan.

Inda irin wannan shiri yake lalacewa tun daga tushe shi ne wajen tantancewa. Katin shaida na makaranta ba ya isa hujja, domin wanda ya kammala, da wanda aka kora, da wanda ya jingine karatu duk suna riƙe da nasu. Abin dogaro shi ne jerin sunayen waɗanda suka kammala rajistar wannan zangon, wanda magatakardan jami'a zai sa wa hannu ya aiko cikin mako biyu da rufe rajista, kowane suna da lambar ɗalibi da lambar JAMB da lambar NIN. Lambar NIN ita za ta hana mutum ɗaya fitowa sau biyu. Katin ya mutu da kansa a ƙarshen kowane zango, sai sunan mai shi ya sake fitowa a sabon jeri ya farfaɗo. A cire mazauna ɗakunan kwanan makaranta. A cire duk wanda ya yi rajistar mota ko babur a ofishin tsaron jami'a, wannan kundin yana nan a kusan kowace ƙofa, neman sa kawai za a yi. A rubuta a yarjejeniya cewa jami'ar da aka kama da sunan bogi za ta mayar da kuɗin, kuma a dakatar da sababbin katunanta na zango guda.

Sai iyakar amfani. Hawa huɗu a rana, daga ƙarfe shida na safe zuwa takwas na dare, kuma kada kati ya karɓu sau biyu a abin hawa ɗaya sai an sami ratar minti ashirin. Ba don haka ba, kati ɗaya zai biya wa aboki da ƙane, ko a haɗa baki da direba a yi ta dangwala shi ba a je ko'ina ba. A bar Asabar a buɗe, saboda ana yin lacca da gwaji a cikinta. Kada kuma a ɗaure katin da hanya ɗaya tak. Ɗalibar aikin jinya takan shafe makonni tana zuwa Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano koyon aiki, wani lokaci da kwanan dare. Ɗaliban kimiyya da kwamfuta suna fita koyon aiki na watanni a Sharaɗa ko Bompai ko Challawa. A irin waɗannan lokuta ne ma kuɗin mota ya fi cin su, don haka takardar turawa daga sashensu ta isa a sauya musu hanya da lokaci.

Wurin da muke roƙon a fi zuba ido shi ne biyan direba. Ɗan adaidaita ba kamfani ba ne da zai jira ƙarshen wata. Mafi yawansu ba su suka mallaki mashin ɗin ba: akwai balas da za su kai wa mai shi kullum, ko biyan sannu a hankali, ga mai, ga kuɗin tikiti, ga cefane. Idan aka ce ya karɓi rabi a hannu ya jira rabi daga gwamnati, aka yi jinkirin sati biyu, to an gama. Zai hango mai kati ya ɗauke kai ya wuce, katin da aka yi don taimako ya koma abin da ke bar ɗalibi tsaye a rana. Maganin wannan shi ne a zuba kuɗin zango gaba ɗaya a asusu na musamman kafin a raba kati ko ɗaya, kuma rabon direba ya faɗa asusunsa na kansa a daren ranar, ko a ƙalla kashegari. A yi aiki da ƙungiyoyin direbobi wajen rajista da ladabtarwa, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta KAROTA ta tabbatar da lambar kowane mashin, amma kada kuɗin ya bi ta hannun kowa kafin ya isa ga wanda ya yi aikin. Na'urar karanta kati kuma ta zama mai iya ajiye bayani in babu sabis, ta tura daga baya. Wanda ya taɓa tsayawa gaban mai POS ana jiran sabis ya san direba ba zai yi wannan jiran da fasinja uku a baya ba. In dole sai an fara da tikitin takarda, a buga masa lamba a jere, a riƙa sauya launi duk wata, a kuma sa ran za a sayar da wasu a bayan fage, don haka kada ya wuce zangon gwaji.

Adaidaita matakin farko ce kawai. Abin da zai rage kuɗin da gaske shi ne bas mai tafiya kai tsaye, wadda za ta mayar da hawa biyu ɗaya. Gwamnatinka ta riga ta dawo da motocin kai 'yan mata makaranta, don haka ƙwarewar tana nan a gida. Kafin a zana hanya, a karɓi unguwar kowane ɗalibi a cikin jerin da muka ambata, a ga inda suka fi taruwa. A ganinmu hanyoyi uku za su fito fili: daga titin Katsina ta cikin gari zuwa Hotoro, daga Panshekara ta Sharaɗa da titin Gidan Zu zuwa titin Zariya, da kuma daga Yankaba da Birget zuwa Gadon Ƙaya da Kabuga, wadda za ta ɗauki 'yan Bayero da 'yan Northwest tare. Motar farko ta tashi shida da rabi, domin laccar ƙarfe takwas ba ta jira, kuma cunkoson Ƙofar Nassarawa da Dangi yana farawa kafin nan. Ta yamma ta kai har bayan magariba, a ware wa mata kujerunsu, kamar yadda asalin adaidaita sahu ma a 2005 don mutuncin mata a hanya aka kawo ta. A tanadi jadawalin Juma'a da na azumi daban. A tuna kuma kalandar jami'o'in ba ɗaya ba ce, wata tana jarrabawa wata tana hutu, saboda haka a riƙa karɓar ta kowace kafin zango ya kama, kada bas ta yi ta yawo babu kowa.

Motocin gwamnati ba tsufa ne yake kashe su ba, rashin kuɗin gyara ne. Taya, birki, batir, juyen baƙin mai a kan lokaci: da zarar an ce sai takarda ta zagaya ofis uku kafin a sayi waɗannan, mota ta kwanta, a fara cire kayanta ana sa wa 'yar'uwarta. A ware wani kaso tsayayye na abin da kowace mota ta tara, mu muna ganin naira 15 cikin kowace 100, ya zauna a asusun gareji. Cikin kowace goma a ajiye ɗaya ta ko-ta-kwana. In masu amfani da gas na CNG za a saya, a fara tabbatar da wurin ɗura, kuma a riƙa cika su da dare, don motar da ta kwana a layin gas ba ta kai kowa aji.

Ranka ya daɗe, a batun tallafin karatu kuwa, ba sabon abu muke nema ba. Tsakanin 2011 da 2015 gwamnatin Kano ta ɗauki nauyin 'ya'yanta a jami'o'i masu zaman kansu irin su Al-Qalam a Katsina, Bells a Ota, Crescent a Abeokuta da Igbinedion a Okada. An amince tun a lokacin cewa ɗan Kano ɗan Kano ne a duk inda ya sami gurbi. Darasin da aka koya daga baya shi ne alkawarin shekara huɗu ko biyar da ba a kafa shi da doka da asusu ba yakan zama bashi in gwamnati ta sauya, ɗalibi ne kuma yake shan wahalar, don takardunsa ake riƙewa. Shi ya sa muke roƙon a kai wannan gaban Majalisar Dokoki ya zama doka.

Ba mu ce a gina wa mai jami'a aji ko ɗakin gwaji da kuɗin jama'a ba. Masu cewa kuɗin TETFund su tsaya a makarantun gwamnati suna da hujja, kuma muna tare da su a kan haka. Ɗalibi muke so a tallafa. Don kada tallafin ya zurare zuwa aljihun masu makarantu, ya zama adadi ɗaya tsayayye ga kowa, kwatankwacin abin da jiha take yi wa takwaransa na makarantar gwamnati. In aka ce kaso kaza cikin ɗari na kuɗin makaranta, to wanda ke jami'a mafi tsada shi zai fi samu, kuma an buɗe ƙofar ƙarin kuɗi. Duk jami'ar da take son ɗalibanta su shiga, ta sa hannu a kan abu uku: ba za ta ƙara wa mai cin tallafi kuɗi ba har ya gama, za ta bar shi ya biya kashi-kashi, kuma ba za ta hana shi jarrabawa ba saboda kason gwamnati ya yi jinkiri. A biya cikin mako huɗu na farkon zango. Tallafin da ya zo bayan an rufe rajista, tarar makara ce take cinye shi.

Wajen gane mabuƙaci, takardar mai unguwa ita kaɗai ba ta wadatar, domin mai unguwa uba ne, ba ya iya hana ɗan unguwarsa. A haɗa ta da makarantar sakandaren da ɗalibi ya fito, da takardar albashi ko fansho ta uba in ma'aikaci ne, da shaidar rasuwa ga maraya, da kuma shaidar wanda yake biyan kuɗin makarantar, wadda ofishin kuɗi na jami'a yake da ita. Sannan a zaɓi ɗaya cikin goma a kai ziyara gida ba tare da sanarwa ba. A liƙa sunayen waɗanda suka samu a makarantarsu na mako biyu. Ɗalibai sun san junansu fiye da yadda kowane kwamiti zai san su.

In kuɗin ba za su isa kowa ba, a fara da waɗanda suke shekara biyun ƙarshe kuma mai ɗaukar nauyinsu ya rasu, ko ya kwanta ciwo, ko gobara ta cinye masa shago. Wannan rukuni shi ya fi ban tausayi. Komawa jami'ar gwamnati ba abu ne mai sauƙi ba: sai an sami gurbi, sai tsohuwar makaranta ta saki takardar sakamako, wadda ba ta sakinta in ana bin bashi, kuma galibi akan mayar da ɗalibi shekara ta biyu. Likita ko ma'aikaciyar jinya da saura mata zango biyu, jihar da asibitocinta ke kukan ƙarancin ma'aikata ce take asarar ta. Ana iya ɗaura wa irin wannan taimako sharaɗin yi wa jiha aiki na shekara biyu bayan bautar ƙasa.

Saura abin da ba a hannunka yake ba, amma muryarka tana da nauyi a kansa. Dokar lamunin karatu ta tarayya, da aka sake yi wa fasali a watan Afrilun 2024, rance ce ba kyauta ba: ana fara biya shekara biyu bayan bautar ƙasa, ana cire kashi goma cikin ɗari na abin da mutum yake samu. Wanda ya gama jami'a mai zaman kanta zai iya biya kamar kowa. Kano tana da sanata 3 da 'yan majalisar wakilai 24. Muna roƙon ka tattauna da su su nemi gyaran da zai ba waɗannan ɗalibai damar karɓar kuɗin ɗawainiya na wata-wata, da rancen kuɗin makaranta wanda ba zai wuce abin da ake biya a jami'ar tarayya ba, don kada a ce sun cinye rabon wasu.

Gwamnatinka ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024, kuma a ƙarƙashinta muke neman a saka wannan. Matakin farko ba ya buƙatar ko kwabo: ma'aikatar da ke kula da ilimi mai zurfi ta rubuta wa magatakardan kowace jami'a, ta nemi jerin ɗaliban jeka-ka-dawo da unguwanninsu cikin kwana talatin. Da wannan jeri a hannu za a iya gwada katin a hanya ɗaya na zango ɗaya, a buga abin da aka kashe kowa ya gani, kafin a rufe kasafin kuɗin shekara mai zuwa.

Allah ya ƙara wa Mai Girma Gwamna lafiya, ya yi masa jagora.

Wassalam.

Daga wasu malamai da ma'aikatan manyan makarantu a birnin Kano.